'Yar na'urar ƙarƙashin fata da aka kawo wa iyayen yara a Gusau

A wata makarantar kuɗi da ke bakin garin Gusau, mai 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo, saura ƙiris a dasa wa ɗalibai wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar hannu, bisa alkawarin cewa in 'yan bindiga suka ɗauki yaro za a ga inda yake a waya. Iyaye da yawa sun amince, wasu har sun ba da kafin alƙalami, an kuma tsayar da ranar farawa. A ƙarshe abin bai yiwu ba, ban da yarinya ɗaya da aka riga aka yi wa a gidansu. Ni malamin dabbobi ne, ɗana kuma yana makarantar, don haka a gabana aka yi mafi yawan abin. Na rubuta shi ne domin na tabbata wannan tayin zai je wata makarantar, a Zamfara ko Kebbi ko Katsina. Ba zan kama sunan makarantar ko na kowa ba.

Kafin wani ya ce iyayen sun yi gaggawa, ya tuna abin da idonsu ya gani. Ran 26 ga Fabrairun 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka kwashe ɗalibai. 279 aka sako bayan 'yan kwanaki. A watan Yuni na shekarar aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Kebbi, wasu daga cikin 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023. A farkon Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Waɗannan duka mutumin Gusau yana iya cewa can nesa ne. Amma da aka shiga Sabon Gida a Satumban 2023 aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya daga gidajen da suke haya, sai hankali ya tashi a cikin birnin kansa. Da yawa daga iyayen makarantar nan sun baro Ɗansadau ne, ko Magami, ko ƙauyukan Tsafe da Zurmi, sun sayar da abin da suka mallaka don yaransu su yi karatu inda ake iya barci. Akwai wanda gonar gado ya sayar ya haɗa kuɗin fansar ƙaninsa. Irin wannan uban in ka ce masa ga abin da zai nuna masa inda ɗansa yake, ba zai tsaya dogon bincike ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Tayin da aka kawo

Wanda ya kawo maganar matashi ne ɗan gari, mai sayar da kyamarorin tsaro da na'urar bin sawun mota, wadda ake ce wa tiraka. An san shi. Ya sa wa mutane da dama tiraka a motoci da babura, har an taɓa gano motar wani da aka sace ta dalilinsa. Wannan shaidar ce ta buɗe masa ƙofa, shugaban makaranta ya ba shi dama a taron iyaye da malamai bayan la'asar.

Ya ɗaga wani sirinji a rufe cikin leda, allurarsa kakkaura ce sosai, a cikinta akwai ɗan gilashi mai girman ƙwayar shinkafa. Ya ce ana tura shi ne a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ba ya son caji, ba ya lalacewa, ɓarawo ba zai gan shi ba balle ya ƙwace yadda ake ƙwace waya. Ya ce a Suwidin dubban mutane suna yawo da shi a hannu. Sai ya ɗora wata na'urar hannu a kan sirinjin, ta yi ƙara, lamba ta fito a wayarsa, taswira ta buɗe, sai ga jan ɗigo daidai kan makarantar. Ya bi sahu-sahu yana nuna wa mutane, wuri ya ɗauki salati. Daga ɓangaren mata wata hajiya ta miƙe ta ce ita an riga an sa wa ɗiyarta tun makon da ya wuce, kuma lafiyarta lau. Kuɗin kashi biyu ne: na dasawa, da na shekara-shekara don ajiye bayanai. Nan take aka fara raba fom.

Tun da ya ɗaga ledar na gane abin, domin na sha dasa irinsa a wuyan dawakan masu hawan sallah da jikin karnukan gadi. Da wayar ta iso gabana na ƙirga lambar, guda 15 ce, yadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 11784 ta tsara wa dabbobi. Ban ga amfanin tozarta shi a gaban iyayensa ba. Na dai ɗaga hannu na ce wa shugaban ƙungiyar iyaye: "Alhaji, a yi mana alfarma, kada a taɓa hannun yaron kowa sai an gwada abin nan a gabanmu." Aka amince, aka sa mako mai zuwa.

Abin da ke cikin gilashin

Tsayinsa kusan milimita 12 ne, kaurinsa milimita 2. Abu biyu ne muhimmai a ciki: ɗan guntun silikon da aka rubuta wa lamba, da siririn zaren jan ƙarfe da aka nannaɗe ya zama eriya. Babu batir. Duk zamansa a jiki a mace yake. Sai an kawo na'urar karantawa dab da shi, ita ce take fitar da igiyar rediyo, zaren ya ɗebi 'yar wuta daga gare ta, guntun ya farka ya faɗi lambarsa, da an janye na'urar ya sake mutuwa. Na dabbobi yana aiki a kan zangon rediyo na kilohaz 134.2, kuma da na'urar hannu tazarar karatunsa da wuya ta wuce taƙi guda. Amfaninsa a wurinmu shi ne in an tsinci doki ko an kama shi a hannun ɓarawo, a karanta lambar a san na wane ne. Sai dabbar ta zo hannu tukuna. Bai taɓa nuna wa mai doki inda dokinsa yake ba.

Maganar Suwidin gaskiya ce, kuma da ita aka fi kama mutane. Akwai dubban masu irin wannan a hannu a can, suna buɗe ƙofar ofis da shi, kamfanin jirgin ƙasa na SJ ma ya fara karɓar sa a matsayin tikiti a 2017. A duk waɗannan sai mutum ya kai hannunsa jikin na'ura. Tun a 1998 wani farfesa a Jami'ar Reading ta Ingila, Kevin Warwick, ya sa aka dasa masa irinsa a dantse, ƙofofin sashensu suna buɗe masa. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani irinsa na jikin mutum mai suna VeriChip, mai lambobi guda 16, don likita ya karanta ya buɗe bayanan majinyaci. Mutane ba su karɓe shi ba, aka daina yin sa a 2010. Kamfanin da ya mallaki VeriChip ya sanar a 2003 cewa ya ƙera samfuri mai GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, da za a iya dasawa, girmansa ya kai na na'urar da ake sa wa masu ciwon zuciya, kuma bai taɓa shiga kasuwa ba.

Dalilin da ya hana shi fitowa shi ne zai hana duk wanda za a kawo mana gobe, shi ya sa na ɗauki lokaci a kansa a taro na biyu. Taurarin ɗan'adam na GPS suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Ba sa ganin kowa, ba sa neman kowa. Saƙo kawai suke watsowa. Na'urar da ke ƙasa ce take saurare, in ta ji aƙalla guda huɗu sai ta lissafa inda take. Saƙon kuwa yana isowa a raunane, rufin kwano yana tare shi, naman jiki mai cike da ruwa yana shanye shi. Ko ta lissafa, saninta ne ita kaɗai. Kafin uba ya gani a wayarsa sai ta aika ta layin waya ko ta wani tauraron. Wannan aikawar ita ke cin wuta. Waya in tana neman sabis nesa da ƙarfen sabis tana iya fitar da har wat 2, shi ya sa cajinta yake saurin ƙarewa a ƙauye. Wani malamin makarantar ya tambaya: to yaya na'urar zuciya take shekara goma a ƙirji da batir ɗaya? Tambaya ce mai kyau. Ita wutar da take ci ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na wat ɗaya ba, domin 'yar tsikara kawai take yi wa zuciyar da ke maƙale da ita. Masu kula da giwayen Yankari da suke son sanin inda garke yake, ƙatuwar sarƙa suke ɗaura wa giwa a wuya, mai nauyin kilo da yawa, mafi yawan nauyin kuma batir ne, eriyarta tana sama tana kallon sararin samaniya.

Sai kuma sabis. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, kowa ya ɗanɗana. Aka maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare suka daɗe a haka. Dazukan Kuyambana da Sububu kuwa ko ba a katse ba, wurare da yawa babu sabis. Su kansu ɓarayin dajin sai sun hau dutse ko bishiya kafin su kira iyalan wanda suka kama. Tirakar motar da matashin yake sayarwa, mai babban batir a bayanta, in ta shiga can shiru take yi.

To jan ɗigon da kowa ya gani fa? Na wayarsa ne. Na'urar karantawa ta tura lambar zuwa wayar, manhajar ta haɗa lambar da inda wayar take a wannan lokacin. Wayar tana makaranta, ɗigo ya fito a makaranta.

Gwaji

Ba a yi wani dogon shiri ba. Shugaban iyaye ya karɓi sirinji ɗaya a rufe, aka karanta lambarsa kowa ya gani, ya damƙa wa wani ɗan kabu-kabu da ya yarda da shi, ya raɗa masa inda zai je. Wayar da na'urar karantawa suka zauna a kan tebur. Aka ba shi lokaci, sannan aka ce wa matashin ya faɗi inda babur yake. Ya buɗe taswira, ɗigo yana makaranta. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ya kashe wayar ya kunna, ya ari ta wani mai layin daban, ɗigo bai motsa ba. Aka kira ɗan kabu-kabun a bainar jama'a, ya ce yana shataletalen Lalan yana jira.

Na kalli fuskar matashin, kuma har yau ina ganin bai zo da niyyar damfara ba. Ya nuna mana tallar da ya saya a kai ta intanet, daga wata ƙasa, an rubuta GPS ɓaro-ɓaro a jiki. Ya gwada a shagonsa ɗigo ya fito a shagonsa, ya gwada a gida ya fito a gida, sai ya gamsu. Wannan bai wanke shi ba. Abin da bai taɓa rabawa da wayarsa ya gani ba shi ya yi niyyar turawa a jikin 'ya'yan mutane, da hannun wani mai kemis, kuma babu lambar NAFDAC a jikin ledar ko kwalinta.

Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci. Wata mata da aka kashe mijinta a hanyar Ɗansadau ta ce: "Likita, mun ji, mun gani. To mi za mu yi? Ɗiyan nan su kaɗai suka rage mani." Babu wanda ya yi murna da sakamakon gwajin, ni ma ban yi ba. An ɗauke wa mutane abin da suka jingina da shi mako guda.

Abin da na ce mata shi ne, a garinmu sanin inda aka kai mutum ba shi ne ya fi wuya ba. Sau da yawa kafin kwana biyu dangi sun san dajin, sun san sansanin wane kachalla ne, har ɗan'uwa ake turawa a babur ya kai kuɗi da buhun shinkafa da katin waya. Abin da ya gagara shi ne shiga a fito da mutum da rai. Ɗigo a taswira, ko da na gaskiya ne, ba ya canza wannan.

Kuma akwai abin da ya fi ba ni tsoro. Labari ba ya ɓuya a Gusau. Da an dasa wa yaran nan, kafin wata guda maganar ta isa daji cewa ɗaliban makaranta kaza suna da na'ura a hannu da take kiran soja. Mutumin da abin da yake fara yi shi ne ƙwace waya, me zai yi da hannun yaron da ya yi imani akwai tiraka a ciki? Ƙasar Meksiko ta riga mu shiga wannan. Da satar mutane ta yi ƙamari a can, wani kamfani mai suna Xega ya riƙa dasa wa masu kuɗi irin wannan a kan dala 4,000, da dala 2,200 duk shekara, alhali ba ya aiki sai mutum yana ɗauke da wata na'urar GPS daban a jikinsa, wadda ɓarawo zai jefar tun a minti na farko. A 2010 aka sace Diego Fernández de Cevallos, tsohon ɗan takarar shugaban ƙasa. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa masu garkuwar sun tsaga hannunsa sun ciro na'urar kafin su wuce da shi. Ya shafe wata bakwai a hannunsu.

Wani dattijo ya jefo tambaya daga baya: ashe ke nan abin da aka ce an sa a allurar korona gaskiya ne, tunda ga shi ana iya tura na'ura ta allura? Na ɗauko sirinjin na ajiye kusa da na rigakafi da aka karɓo daga ɗakin shan magani na makarantar. Allurar dasawa ta haura milimita 2 a faɗi, ta rigakafi kuwa kusan rabin milimita ce. Gilashin ba shi da hanyar wucewa. Ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa mata a dantse ma roba ce mai sakin magani a hankali, babu lantarki a cikinta. Na tsaya a kan wannan ne domin Zamfara tana cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jita, kuma yara ne suka biya.

Yarinyar da fom ɗin

Hajiyar da aka riga aka yi wa ɗiyarta ta same ni bayan an watse, jikinta yana rawa. Na ce ta kwantar da hankali, abin ba guba ba ne, ba ya fitar da komai, amma magana ce ta likitan mutane. Washegari aka kai yarinyar asibiti. Wurin ya ɗan kumbura amma bai yi mugunya ba. Hoton eksire ya nuna gilashin ya gusa kaɗan daga inda aka sa shi. Yawancin na dabbobi ana lulluɓe su da wani abu da yake sa nama ya kama su don kada su yi yawo, shi ya sa cire su yake ƙara wuya in an bar su sun daɗe. Waɗanda ake yi don hannun mutum galibi ba a sa musu wannan, saboda a iya zare su cikin sauƙi. Likita ya ba da shawarar a cire tun da wuri, aka yi allurar kashe zafi, aka tsaga kaɗan, aka ɗinke. Ya kuma sa aka duba jininta daga baya, domin babu wanda zai iya rantsuwa a kan tsabtar kayan da mai kemis ɗin ya yi aiki da su, kuma ciwon hanta ta irin wannan hanyar yake shiga.

Fom ɗin shi ne abin da ba mu kula da shi ba sai da wata malama ta ɗauko ɗaya ta karanta mana da ƙarfi. Sunan yaro da hotonsa. Ajinsa. Sana'ar uba. Lambobin wayar uba da uwa. Kwatancen gida. Lokacin da yaro yake fita da wanda yake kai shi. A jihar da kowa ya san ɓarnar infoma, inda ɓarayi kan kira mutum su faɗa masa adadin shanunsa da ranar da ya sayar da hatsi, babu takardar da ta fi wannan haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara irin waɗannan, musamman na yara, amma matashin bai ma san da ita ba. A wayarsa yake shigar da su, cikin manhajar da bai san wanda ya mallake ta ba, bai kuma san ƙasar da rumbunta yake ba. A ganina wannan ɓangaren ya fi gilashin muni nesa ba kusa ba, domin gilashi likita ya cire shi cikin 'yan mintuna.

An yi doguwar muhawara kan ko a kai shi wurin 'yan sanda. Dattawa suka ga a fara karɓo haƙƙin mutane. Ya mayar da kafin alƙalamin kaɗan-kaɗan, ya biya kuɗin asibitin yarinyar, ya miƙa sauran sirinjin ga kwamitin iyaye. Wasu iyayen suka karɓi kuɗinsu, wasu suka bar shi a asusun ƙungiya. Da shi aka fara toshe ɓangaren katanga na baya da ya zube, aka sa fitilun sola a kusurwoyi, aka ƙara mai gadi ɗan unguwa wanda mai unguwa ya tsaya masa, aka haɗa lambobin maƙwabta da na ofishin 'yan sanda mafi kusa a hannun malaman kwana. Bai isa a gama katangar ba, don haka hukumar makarantar ta rufe ɗakunan kwana na wannan zangon, yaran da iyayensu ke nesa aka rarraba su gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Wasu iyayen ba su ji daɗin haka ba, biyu ma sun cire 'ya'yansu. Kwamitin ya kuma rubuta a kundinsa cewa daga yau ba a sa wa ɗalibi komai a jiki, ba a kuma fitar da bayanansa, sai da zaman kwamiti da ma'aikacin lafiya mai lasisi a wurin.

Fom ɗin takarda an tattara su an ƙone a gaban kwamiti. Waɗanda ya riga ya shigar a manhajar kuwa, ya goge su daga wayarsa a gabanmu, amma manhajar ba ta da wurin da za a nemi a share su daga rumbun kamfanin, saƙon da ya aika musu ma ba a amsa ba. An sanar da iyayen da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu sun canza layin waya, wasu sun canza mai kai yaran makaranta da lokacin fitarsu.